WA KE ƘIRGA GORON MADUGU?

Na san wasu za su ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da zancen banki, shi da bai san kome ba sai karin sauti da auna baitin waƙa? To, abin da ya haɗa ni da shi wata gardama ce da aka tafka a ɗakinmu, aka kuwa yi ta a kan ɗan'uwana na jini, ni kuma na rasa inda zan sa baki saboda masu Turanci sun cika wurin da hayaniya. Wanda aka hana shi magana a dandali ai ba a hana shi alƙalami ba.

Ga yadda abin yake. Ɗan kawuna, wanda nake kira Yaya, ya karanta ilmin akanta a nan gida, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan Kawu ya sayar da gonarsa ta bakin hanya ya tura shi Birtaniya neman digiri na biyu. Ya gama lafiya. Ya yi wata da watanni yana aika takardun neman aiki da rana, da dare kuwa yana jera kwalaye a wani ɗakin ajiyar kaya don ya biya haya. Kwatsam sai wani babban bankin zuba jari na Amurka, wanda ba zan faɗi sunansa ba, ya ce zai ɗauke shi a ofishinsa na Gilasgo, a sashen da ke kammala ciniki da daidaita lissafi. A gida aka yi ta murna, Gwaggo ta raba alawa a unguwa, har an fara cewa Yaya ya zama manajan banki a Turai. Ni ma na kawo labarin makaranta da zumuɗi. Ina rufe baki sai wani ɗan ajin ƙarshe a sashen tattalin arziki ya kwashe da dariya, ya ce, "Malam, ai wannan ba aikin banki ba ne, aikin magatakarda ne. Masu kuɗi suna Niyok da Landan. Ka gaya wa yayanka ya ƙi, ya jira na gaske, gama wanda ya shiga ta ƙofar baya a baya zai tsufa." Sauran suka mara masa baya, har da wanda na tabbata bai taɓa riƙe naira dubu 100 tasa ta kansa ba.

Ni dai ra'ayina shi ne Yaya ya karɓa. Amma kafin in faɗi dalili, bari in warware wa mai karatu abin da ake gardama a kai, don na lura rabin waɗanda suka yi dariyar nan ba su san shi ba.

Bankin zuba jari ba irin bankin da muke bin layi mu ciri kuɗin makaranta ba ne. Abokan cinikinsa kamfanoni ne da gwamnatoci da masu juya kuɗin fansho. Shi ke sayar wa kamfani hannun jarinsa a kasuwa, shi ke shiga tsakani in kamfani zai haɗiye wani, shi ke nemo wa gwamnati masu ba ta rance. Lokacin da Nijeriya ta fara sayar da takardun bashi na dala a kasuwar duniya a 2011, na dala miliyan 500, irin waɗannan bankuna ne suka yi dillancin. In ka ɗauki bankin a matsayin gida, to, yana da zaure yana da ƙurya. A zaure ake tarbar baƙi a ƙulla ciniki, can ne masu kwat da manyan ladan ƙarshen shekara suke. A ƙurya kuwa ake cika abin da aka ƙulla. Dillali a zaure yana iya sayen hannun jarin miliyoyin dala cikin ƙiftawar ido, amma a wannan lokaci magana ce kurum aka yi, ba abin da ya motsa. Sai mutanen ƙurya sun tuntuɓi takwarorinsu na ɗaya bankin sun tabbatar adadi ɗaya ne, farashi ɗaya ne, rana ɗaya ce. Sun aika umurnin biya. Sun ga kuɗi sun fita kaya sun shigo. Sun gwada littafinsu da na ma'ajiya, in an sami saɓani ko na sisin kwabo su bi sawunsa har su gano inda ya ɓuya. Su ke karɓar jingina daga wanda cinikinsa ya fara faɗuwa, su ke binciken asalin sabon abokin ciniki kada a wanke kuɗin sata ta hannun banki. Kuma lokaci ya ƙure musu: daga watan Mayu na 2024 Amurka ta mai da wa'adin kammala cinikin hannun jari kwana 1 tak, alhali a da kwana 2 ne, Indiya ma ta riga ta tun 2023.

Wannan shi ne aikin da abokinmu ya kira na magatakarda, yana taɓe baki.

Da ya leƙo ajinmu na tarihin fatauci ko sau ɗaya, da ya rage taɓe bakin. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, sunan madugu kaɗai ake ji, shi maroƙa ke wa kirari. Amma a ayarin akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki mai kula da zango da tsarin tafiya, akwai kuma malamin ayari mai tawada da takarda, wanda ya san ƙwarya nawa aka saya a Salaga, ta wa da ta wa, nawa aka biya fito a bakin kogi, wa ke bin wa. Ƙwarya ɗaya goro 100 ne, to ka lissafa kayan jakuna ɗaruruwa. Ran da lissafin nan ya rikice, ranar ayari ke watsewa da rantse-rantse, ko da kuwa madugu ya yi ciniki mai riba. Kakanninmu ba su raina mai ƙirga ba, sai mu da muka yi karatun boko muka koyi raina shi daga fina-finan Amurka.

Kada a ce labarin da ne nake kawowa. A watan Agusta na 2020 bankin Citi ya yi nufin biya wa kamfanin Revlon kuɗin ruwa kimanin dala miliyan 8 ga masu binsa bashi, sai aka yi kuskuren cike gurabe a kwamfuta, kusan dala miliyan 900 na bankin kansa suka fita. Mutum 3 suka duba aikin, duk ya wuce su. Wasu suka mai da kuɗin, wasu suka ce ai bashinsu aka biya, suka riƙe kimanin miliyan 500. Alƙali ya ba su gaskiya a 2021, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. A ƙurya aka yi wannan. Ga kuma na Barings, bankin Ingila da aka kafa tun 1762. Sun tura wani saurayi, Nick Leeson, ofishinsu na Singafo, suka yi gangancin ba shi zaure da ƙurya duka a hannu ɗaya, watau shi ke ciniki shi kuma ke duba lissafin kansa. Ya yi ta ɓoye hasara a wani asusu mai lamba 88888 har ta kai fam miliyan 827, bankin ya rushe a 1995, aka sayar da shi a kan fam 1. Gidan da ya haura shekara 230 ya faɗi don an ɗauki aikin ƙurya abin wasa. Wanda ya ce aikin nan ba aikin banki ba ne, sai ya gaya mana aikin mene ne.

Sai batun wai Yaya ya ƙi, ya jira zaure. A nan ne raina ya fi ɓaci, domin shawarar da ba ta ci maka kome ba tana da daɗin bayarwa. Zaure ba ya ɗaukar mutane yadda abokinmu yake zato. Yawancin waɗanda ake ɗauka can, tun suna tsakiyar digirin farko ake zaɓo su daga wasu jami'o'i ƙalilan, a gwada su a hutun bazara na 'yan makonni, a ba su takardar aiki kafin su gama karatu. Wanda ya zo daga Nijeriya ya yi digirin shekara 1, ya tarar an riga an raba gado. Kuma agogo yana bugawa a kansa. Bizar da Birtaniya ta fara bai wa waɗanda suka gama karatu a 2021 ta shekara 2 ce, Yaya kuwa ya ci fiye da rabin tasa a cikin kwalaye. In ta ƙare bai sami kamfanin da zai ɗauki nauyinsa ba, sai gida, da takardar digiri da tarihin aikin dako. Wa zai je ya gaya wa Kawu, wanda gonarsa ta tafi, cewa ɗansa ya ƙi aiki don ba a Niyok yake ba? Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle wannan kazar ma ba a akurkinmu take ba. Zauren ma ba aljanna ba ce: a 2021 wasu sabbin ma'aikata 13 na zauren Goldman Sachs sun rubuta koke cewa suna yin kimanin sa'a 95 a mako, barcinsu sa'a 5 a dare. Wannan ma aka yi ta yayatawa a jaridun duniya, ban ji abokinmu ya ambata ba.

To, na gama da masu dariya. Yanzu bari in juyo kan masu rabon alawa, don ba zan ɓoye wa ɗan'uwana gaskiya saboda ina son in ci gardama ba.

Abu ɗaya da abokinmu ya faɗa yana da ƙamshin gaskiya, shi ne ƙofar da ke tsakanin ƙurya da zaure ƙunci gare ta. Masu ɗaukar aiki sukan ce wa yaro, "Shigo dai, in ka yi ƙoƙari za ka matsa gaba." Ana matsawa, amma ɗaiɗai ne, kuma ya fi sauƙi ga wanda ke gini ɗaya da dillalan, yana haɗuwa da su wurin shan shayi. Daga Gilasgo zuwa Landan tafiyar fiye da sa'a 4 ce a jirgin ƙasa. Mutumin da bai san ka ba sai a saƙon kwamfuta, kuma sai ran da aka sami matsala, yaushe zai tuna da kai in gurbi ya faɗo? Abin dariya, abin tausayi, waɗanda duniya ta fi sanin sun tsallaka daga ƙurya zuwa zaure, a kotu aka san su. Leeson kansa daga ƙurya ya fito. Jérôme Kerviel na bankin Société Générale a Faransa daga sashen duba ciniki ya hau, ya jawo hasarar yuro biliyan 4.9 a 2008. Kweku Adoboli, haifaffen Gana, ya fara a ƙuryar UBS a Landan, ya hau zaure, ya jawo hasarar dala biliyan 2.3 a 2011. Ban ce duk mai tsallakawa ɓarawo ne ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, waɗannan sun san inda ƙurya ke dubawa da inda ba ta dubawa, ga shi kuma sun shiga zaure da yunwar nuna su ma sun isa. Wanda ya karɓi aiki yana raina shi, idonsa na kan kujerar wani, ba zai iya nasa ba, ba kuma zai sami na wancan ba.

Sa'an nan Yaya ya tambayi kansa, me ya kai ofishin nan Gilasgo tun farko? Araha ce. Haya da albashi sun yi tsada a Landan da Niyok, sai bankuna suka kwashe ƙuryarsu suka kai inda rayuwa ke da sauƙi. Goldman Sachs ya buɗe a Bangalor ta Indiya a 2004, Morgan Stanley ya buɗe a Budafes ta Hangari a 2006, Citi yana Belfas, JPMorgan yana Bonmos, wasu suna Warso da Kirako a Folan, wasu Manila. Lissafin da ya ɗauke aikin daga Landan bai mutu ba, yana nan yana neman inda ya fi Gilasgo araha, kuma bayan kowane gari akwai kwamfuta, wadda ba ta neman hutu ba ta neman biza. Aikin da iyakarsa kwafe lamba daga wannan allo zuwa wancan, shi ake fara miƙa mata. Sunan banki kuwa, wanda Gwaggo ke taƙama da shi, ba laya ba ne. Lehman Brothers ya faɗi ran 15 ga Satumba 2008, aka ga ma'aikata a talabijin suna fita da kwalayen kayansu. Credit Suisse, wanda aka kafa a 1856, UBS ya haɗiye shi a 2023. Deutsche Bank ya ba da sanarwar rage mutum 18,000 a 2019, Citi ya ba da ta 20,000 a 2024. Yaron shago a Kantin Kwari, in ya yi wa maigida hidima shekaru da amana, akan yaye shi da jari ko a yi masa aure. Banki ba ya yaye kowa, takardar sallama yake bayarwa.

Ga baƙo kuma takardar sallama ta fi ciwo, don igiyar bizarsa a hannun mai aikin take. Bizar ma'aikaci a Birtaniya tana ɗaure da kamfanin da ya ɗauki nauyinka, in aikin ya ƙare akan ba ka kwana 60 ka sami wani ko ka tattara. Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake ba da bizar a kai daga fam 26,200 zuwa 38,700 a 2024, ta ƙara zuwa 41,700 a 2025, ko da yake akwai rangwame ga sabon shiga. Adoboli tun yana ɗan shekara 12 yake Ingila, amma da ya gama zaman kurkuku aka sa shi a jirgi zuwa Gana a 2018. Shi laifi ya yi, na sani. Abin lura dai shi ne ƙasar wani ba ta zama taka don ka daɗe. Masu lissafi a gida kuwa, waɗanda da jin albashi sai su buga shi da farashin Wapa su ce Yaya ya zama attajiri, su ji tsoron Allah. Gaskiya ne dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, fam ma ya bi ta. Amma da fam yake biyan haya da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki, a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 a watan Disamba. Abin da ya rage shi ne nasa, kuma tuni na ji an fara rabon sa a baki.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi, wadda ba wanda ya ɗago ta a ɗakinmu, watau riba. Kuɗin ruwa yana cikin jinin waɗannan bankuna, mai rubuta shi kuwa bai kuɓuta daga tambaya ba don yana ƙurya. Wannan Yaya zai kai wa malaman da ya amince da su, ya bayyana musu ainihin abin da hannunsa zai taɓa. In a kan wannan ya ƙi aikin, ni ne farkon mai tsaya masa a gaban Kawu. Amma a ƙi aiki don tsoron Allah daban, a ƙi don abokai za su ce ba a zaure kake ba daban.

Da Yaya ya kira ni daren Lahadi, sai na ce masa, "Yaya, ni ƙaninka ne, ba ni da hurumin yi maka nasiha, amma ka bar ni in faɗi abin da na gani." Ya ce in faɗa. Na ce ya tambaye su wane tebur za su ajiye shi, domin ƙurya ma ɗaki-ɗaki ce: mai kula da jingina ko cinikin da ke da sarƙaƙiya yana koyon yadda kasuwa ke numfashi, mai kwafe lamba kuwa shekara 3 za ta wuce shi bai ƙaru da kome ba. Na ce su rubuta masa a takarda cewa za su ɗauki nauyin bizarsa in ta yanzu ta ƙare, kada ya yarda da "za mu duba". Na ce ya ji ko suna biyan kuɗin jarrabawar ACCA ko CFA, gama wannan takarda ita ce ba a karɓewa a bakin ƙofa ran sallama. Ya kuma ji agogon wace kasuwa zai bi, don mai bin Niyok daga Gilasgo sai dare ya yi yake tashi. Na ƙara da cewa ya yanka wa kansa wa'adi, shekara 2 ko 3, ya tsaya ya auna abin da ya iya wanda bai iya ba a da. Sana'ar nan tana da kasuwa a gida: kamfanin CSCS da ke kammala cinikin hannun jari a Legas yana aiki tun 1997, dokar fansho ta 2004 ta kafa ma'ajiyan kuɗin fansho, bankin Jaiz marar kuɗin ruwa ya buɗe a 2012, gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017. Duk waɗannan suna da ƙurya, kuma suna bukatar wanda ya ga yadda ake tsare ta a inda kuskuren minti ɗaya ke cin miliyoyi.

Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Kai yanzu a sashen Hausa ake koya muku wannan?" Na ce a'a, haushi ne ya kai ni laburare. Ya aika musu tambayoyin. Sun amsa ta tebur, sashen jingina ne, sun amsa ta jarrabawa, amma ta biza har yanzu suna cewa sai sun tuntuɓi lauyoyinsu, ga shi ranar Juma'a wa'adin da suka ba shi ke cika. Na ce masa in takardar ta zo ya sa hannu, in ba ta zo ba ya nemi ƙarin mako guda, ya ci gaba da aika takardunsa wasu wurare.

Shi kuwa abokinmu na sashen tattalin arziki, na ji an ce ya cika takardun neman aiki a bankuna 3 na Legas, kuma ba a rubuta zaure a ko ɗaya ba. Edita ya tabbatar mini akwai fili a fitowa ta gaba in yana da raddi, da sharaɗin ya rubuto shi da Hausa.